Wa Zai Biya? Tambayoyi da Amsoshi kan Diyyar Rauni da Take Haƙƙi a Bauchi

Yawancin masu kawo irin waɗannan tambayoyi a makare suke zuwa. Wani an riga an zauna a zauren mai unguwa an ce an yafe, wani rasit ɗin asibiti ya ɓace, wani kuma ya yi wata shida yana bin direban da ko kuɗin cefane ba ya da shi, mai motar kuwa yana gida abinsa, ba wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa, daga cikin garin Bauchi har Azare da Misau da Toro. Bayani ne na gaba ɗaya. Kowace magana da yadda ta zo, sai lauya ya ga takardunka kafin ya ce maka ga inda ka tsaya.

Barista, ai ƙaddara ce. Ina jin nauyin neman diyya wurin wanda ya buge ɗana ba da niyya ba. Ba haramun zan ci ba?

Allah ya ba yaro lafiya, Baba. Ƙaddara ce, babu musu, amma ƙaddara ba ta share haƙƙi. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i a kan kisan kuskure ta sauka, wato wanda ba a yi niyya ba, kuma ta ce a miƙa diyya ga iyalan mamaci sai dai idan su ne suka yi sadaka da ita. Yafiya alheri ce, amma ta mai haƙƙi ce, ba ta maƙwabta ba, ba ta masu zuwa ba da haƙuri ba.

Malaman mazhabar Malikiyya sun yi lissafin filla-filla. Cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Dinari ɗaya giram 4.25 ne, ka ga ana maganar kilo huɗu da kwata na zinariya ke nan, shi ya sa lissafinta da naira yake hawa duk lokacin da aka fitar da sabon nisabin zakka. Ido ɗaya rabin diyya ne, hannu ɗaya haka, kowane yatsa raƙuma goma, haƙori biyar.

Abin da na fi so ku lura da shi shi ne wanda ke biya. A kuskure, idan abin ya kai sulusin diyya, ba a kan wanda ya yi shi kaɗai yake ba. Aƙila ke ɗauka, wato danginsa ta wajen uba, kuma cikakkiyar diyya a cikin shekara uku ake biyanta. Tun can shari'a ta san cewa hannun da ya yi ɓarna sau da yawa ba shi da abin biya, sai ta duba waɗanda ke bayansa. Dokar ƙasa ma haka take yi ta tata hanyar, kuma kusan duk amsoshin da ke ƙasa a kan wannan suke.

Sannan idan mamaci ya bar marayu ƙanana, rabonsu dukiyarsu ce. Baffa ba shi da hurumin yin kyauta da ita don a ce gidansu gidan mutunci ne.

Motar haya ta buge ni a hanyar Ningi, ƙafata ta karye. Direban talaka ne kamata. Wa zan kama?

Direban ka gani, Malam, amma abin da lauya zai fara tambaya shi ne motar wa ce, kuma aikin wa direban yake yi a lokacin. Doka ta ɗora wa ubangida alhakin sakacin yaronsa muddin a bakin aiki ya yi shi. Ba sai mai motar yana wurin ba, ba sai ya san ma an yi ba. Shi ya zaɓi direban, shi ke karɓar kuɗin kowane sawu, shi ke da ikon canza taya ko gyara birki, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan aka tabbatar motar ta wane ce, kotu kan ɗauka cewa direban yaronsa ne ko ɗan aikensa, sai shi mai motar ya kawo hujjar cewa ba haka ba ne.

Inda gardama take tashi shi ne irin alaƙar da ke tsakaninsu. Direban albashi ba a ja. Direban balas, mai kawo kuɗi kowace yamma, a nan mai mota zai ce ai haya na ba shi, kansa yake yi wa aiki. Sai alƙali ya duba wa ke faɗin hanyar da za a bi, wa ke biyan makanike, wa ke iya ƙwace makulli gobe da safe. In duk mai motar ne, da wuya ya kuɓuta. Mai Keke Napep da aka sayar masa yana biya kaɗan-kaɗan har ya zama nasa kuwa, galibi shi ne ubangidan kansa, kama wanda ya sayar masa yana da wuya.

Akwai kuma direban da ya tashi daga aiki ya sace jiki da motar ya tafi zance Dass cikin dare. Wannan sha'anin gabansa yake yi, mai mota na iya wanke hannunsa. Amma wanda yake kan aikin da aka sa shi sai dai ya karya umarni, an ce kar ya yi gudu ya yi, an ce kar ya yi lodi fiye da kima ya yi, wannan har yanzu yana wuyan ubangidansa.

Ana haɗa su duka a ƙara ɗaya, direba da mai mota ko kamfani. Idan daga tasha motar ta taso, je ka wurin shugabannin tashar da wuri. Ba su ne za su biya ka ba, amma sun san kowace mota da mai ita, kuma suna riƙe da takardar sunayen fasinja.

Wai takardar inshorar nan da 'yan sanda ke tambaya a hanya tana da wani amfani?

Don irin ranarka aka yi ta. Inshorar da direbobi ke kira tad fati ba ta gyara motar mai ita, wanda aka yi wa ɓarna take biya. Tun daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, ta kuma ɗaga abin da kamfani zai biya na ɓarnar dukiya zuwa naira miliyan 3. Wannan iyaka ta dukiya ce kawai, irin motarka ko katangar gidanka. Rauni da rasa rai ba a yanke musu iyaka ba.

Matsalar ita ce da yawa daga takardun da ke cikin motoci na bogi ne, an saye su a bakin ofishin lasisi don kawai a wuce shingen 'yan sanda. Ana iya duba lambar mota a rumbun bayanan kamfanonin inshora, NIID, ta waya. In ta gaske ce, a rubuta wa kamfanin tun da wuri, a kuma sanar da shi idan an shigar da ƙara, don kada ya fake da cewa bai ji ba bai gani ba. In ta bogi ce, mai motar daga aljihunsa zai biya, ga kuma laifin tuƙi ba inshora.

Me zan nuna wa kotu?

Cewa akwai kulawar da ta wajaba a kansa game da kai, cewa bai yi ta ba, cewa wannan sakacin ne ya jawo abin da ya same ka, da kuma cewa ka cutu. Na ukun ne ke kayar da mutane. Mota ta buge mutum, ya yi wata biyu wurin mai ɗori, ƙafa ta ruɓe aka yanke, lauyan ɗaya ɓangaren zai ce ba motarsu ta yanke ƙafar ba.

Asalin wannan ƙa'ida abin dariya ne: a 1932 kotun ƙoli ta Birtaniya ta yi hukunci kan wata mata a Sikotland da ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a kwalbar lemo. Aka ce mai kamfanin lemon yana da alhakin kula da duk wanda aikinsa zai iya cutarwa, ko da ba su taɓa ciniki ba. Da wannan muke aiki har yau, kan mai ruwan leda da mai gidan burodi da mai gini.

Mu uku ne a kan acaɓa, ba hular kwano. Na rasa haƙƙina?

A'a, raguwa zai yi. Alƙali zai raba laifin. In ya ga kashi 30 cikin 100 naka ne, sai a cire wannan daga abin da za a ba ka. Haka wanda ya hau saman kaya a bayan akori-kura ranar kasuwar Alkaleri.

'Yan sanda sun kai direban kotu an ci shi tara. Ba shi ke nan ba?

Wannan tsakaninsa da gwamnati ne, tarar ma asusun gwamnati ta shiga. Shari'ar laifi daban, ta neman diyya daban, kuma ɗaya ba ta hana ɗaya. Ko da an sallame shi a ta laifi kana iya cin taka, domin can sai an kawar da duk wani shakku, nan kuwa rinjayen hujja ya isa. Dokar laifuffuka, wato Final Kod, ta ba alƙali damar ya umarci wanda aka kama da laifi ya biya wanda ya cuta, don haka ka gaya wa ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya roƙa. Sai dai wannan umarni kan direba zai tsaya, ba zai kai ga mai mota ba tunda ba shi aka gurfanar ba.

Injin niƙa ya cinye wa ƙanena yatsu uku a wurin aiki. Maigidan ya biya kuɗin asibiti ya ce shi ke nan.

Ba shi ke nan ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a asusun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, daga aljihunsu, ba a cire wa ma'aikaci. Daga wannan asusun ake biyan wanda ya ji rauni, kuma ba sai an tabbatar laifin wa ne ba. Dokar ta haɗa da ɗan wucin gadi da mai koyon sana'a da mai aikin gida, har da hatsarin hanya tsakanin gida da wurin aiki. Idan rasuwa ce aka bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye da suka dogara da mamacin, abin da dokar ta tanada kashi 90 cikin 100 ne na albashinsa kowane wata.

A kula da kwanaki. Ma'aikaci ya sanar da ubangidansa cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto cikin kwana 7, neman diyyar kuma a shigar da shi cikin shekara guda.

Gaskiyar magana, mafi yawan masu injin niƙa da gidajen bulo da injin katako ba su yi rajista ba. A nan sai a bi hanyar sakaci a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa: injin ba murfi, ba a koya wa yaron ba, ba safar hannu, ana aiki daga asuba har isha. Kuɗin asibitin da ya biya za a lissafa, amma bai biya yatsun ba.

Matata ta rasu wurin haihuwa, kuma ina ganin sakaci ne. Likita zan kai ƙara ko asibiti?

Allah ya ji ƙanta, ya raya abin da ta bari. Ana iya haɗa su biyun, domin asibiti ke ɗaukar alhakin likitocinsa da nas-nas da ungozoma. Amma in gaya maka tun yanzu, wannan ita ce shari'a mafi wahala a cikin duk waɗanda na ambata. Ba kowace rasuwa ce sakaci ba. Ma'aunin shi ne abin da likita mai hankali irinsa zai yi a wannan hali, kuma wani likitan ne zai zo ya shaida, su kuwa ba su cika son tsayawa a kan juna ba. Sai irin abin da ba ya buƙatar bayani, kamar a bar almakashi ko auduga a cikin mara lafiya, ko a ƙara jinin da ba nasa ba. A nan asibitin ne zai yi bayanin yadda aka yi.

Mu kan yi jana'iza cikin sa'o'i, haka addini ya koyar, don haka sau da yawa fayil ɗin asibiti ne kaɗai shaidar da ta rage. Rubuta takarda ka nemi rahoton likita da kwafin bayanan da ke fayil tun kafin a share makoki. Takardar amincewa da tiyata da ka sa wa hannu izinin aiki ce, ba izinin sakaci ba. Majalisar kula da likitoci ta ƙasa tana iya dakatar da likita ko soke lasisinsa, amma diyya sai kotu.

Ƙin karɓar mara lafiya na gaggawa kuma laifi ne da kansa a sashe na 20 na dokar lafiya ta 2014, tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Wanda aka harba ma, dokar 2017 ta ce a fara yi masa magani, ba a jiran takardar 'yan sanda.

Wayar wuta ta tsinke ta faɗo kan yaro a unguwarmu.

Kamfanin rarraba wuta ke da waya da turke da taransifoma, shi ke da alhakin kula da su. Jihar Bauchi tana ƙarƙashin kamfanin da ke da hedikwata a Jos. Abin da ya fi ƙarfafa irin wannan ƙara shi ne shaidar cewa an kai kuka tun kafin abin ya faru, don haka idan waya ta yi ƙasa a layinku, ku rubuta, ku sa a buga muku hatimi a kwafi. Kamfani zai kare kansa da cewa jonin sata ne, ko an yi gini ƙarƙashin babban layi. In haka ne kuwa, yana da abin faɗa.

Haka abin yake ga ɗan kwangilar da ya haƙa rami a titi ya bar shi ba alama, da mai gidan da katangarsa ta tsage tun bara ya ƙi gyarawa, da mai rijiya a fili ba murfi. Wanda wurin ke hannunsa shi ake tambaya.

An tsare ni kwana tara a caji ofis, aka sake ni ba a kai ni kotu ba. Ranka ya daɗe, ana iya kai ɗan sanda ƙara a ƙasar nan?

Ana yi kullum, kuma ana ci. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a sanar da kai dalilin kama ka a rubuce cikin awa 24, da harshen da kake ji. A kai ka kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. A cikin garin Bauchi ko Azare ba wanda zai ce kotu ta yi nisa. Abin da ke iya halatta tsarewa fiye da haka shi ne umarnin alƙali, ko zargin laifin da hukuncinsa kisa ne.

Ƙaramin sashe na 6 ya ce wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Kotun Ƙoli, a shari'ar Jim-Jaja da Kwamishinan 'Yan Sandan Jihar Ribas, ta ce da zarar an tabbatar da tsarewar haramun ce, diyya ta tabbata ko da bai faɗi adadi ba.

Hanyar ma an sauƙaƙe ta. Ƙa'idojin da Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi ya fitar a 2009 sun sa ana yin irin wannan ƙara da takardar rantsuwa, ba sai an jera shaidu ana yi musu tambayoyi shekara da shekaru ba. Ana shigar da ita a Babbar Kotun Jiha ko ta Tarayya. In kana bayan kanta ba ka iya fita, matarka ko ɗan'uwanka ko wata ƙungiya na iya shigarwa a madadinka. Kai dai ka nuna an tsare ka, su kuma su nuna dokar da ta ba su dama.

Wajen sunayen waɗanda ake ƙara ne ake yin kuskure. A sa jami'in da ya yi kamun da sunansa, a sa DPO, a sa Kwamishinan 'Yan Sandan jiha da Sufeto Janar da Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda. In kurtu kaɗai ka sa, za ka ci shari'a ka rasa mai biya.

Wanda nake bin sa bashi... a'a, wanda yake bi na bashi ne ya sa aka kama ni. Shi fa?

Shi ma yana ciki. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki, ta kuma hana kama wani a madadin wani, irin a ɗauke uwa don ɗanta ya gudu. Wanda ya kai rahoton laifi da zuciya ɗaya ya bar 'yan sanda su yi aikinsu, ba a kama shi da komai ko da daga baya zargin ya rushe. Amma wanda ya san kuɗin masara ne ya mayar da shi zamba cikin aminci, ya zuba wa mota mai, ya nuna gida, ya ce kar a ba da beli sai an biya shi, wannan ya sayi rigima da kuɗinsa. Sau da yawa ma shi ne ya fi saurin biya, don shi yana da shago da asusun banki da za a iya kamawa. Bashinsa na nan, sai ya bi ka ta kotu.

An yi wa ɗana duka a tsare har ya daina ji da kunne ɗaya. Sun ce umarni aka ba su. Gwamnati ana iya taɓa ta?

Hajiya, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta rufe wannan ƙofar. Umarnin na sama ba uzuri ba ne, wanda ya ba da umarnin ma mai laifi ne, kuma hukuncin yana kaiwa ɗaurin shekara 25. Wannan ɓangaren laifi ke nan. Diyya kuma a ƙarƙashin sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulki ake nemanta, wanda ya kare mutuncin ɗan Adam. Ki kai shi asibitin gwamnati yau, a rubuta abin da aka gani, a ɗauki hoto kafin shatar bulala ta ɓace.

Da can gwamnati ba ta taɓuwa. Lokacin da sojoji suka ƙone gidan Fela a Legas a 1977, iyalan suka je har Kotun Ƙoli, a 1985 aka ce dokar da ke aiki lokacin da abin ya faru ta kare gwamnati. Tsarin mulkin 1979 ne ya buɗe ƙofar, na 1999 ya bar ta a buɗe. Yau ana ƙarar jiha ko tarayya ta hannun Antoni Janar. Rigar kariya ta sashe na 308 jikin shugaban ƙasa da gwamna da mataimakansu ta rufe, ba ta rufe gwamnati ba.

Ba kotu kaɗai ba ce. Bayan jami'an tsaro sun kashe mutum takwas a wani kango a unguwar Apo ta Abuja a Satumban 2013, yawancinsu 'yan Arewa masu tuƙa Keke Napep, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta yanke a 2014 cewa a biya naira miliyan 10 kan kowane mamaci, miliyan 5 ga kowane ɗaya daga mutum 11 da suka jikkata. Sai 2018 aka biya miliyan 135 ɗin. An biya, amma ki lissafa shekarun.

In 'yan banga ne ko 'yan kwamitin unguwa suka yi dukan, su ma ana ƙararsu da sunayensu, tare da wanda ya ɗauke su aiki yake biyansu.

Yaushe lokaci ke ƙurewa?

Wannan ce tambayar da ya kamata a fara yi. Idan wanda za ka kai ƙara jami'in gwamnati ne ko hukuma, kan abin da ya yi a bakin aikinsa, dokar kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta ba ka daga ranar da abin ya faru. Motar ma'aikata, asibitin gwamnati, ƙaramar hukuma, duk a yi hattara. Akwai togaciya, kamar cutar da ke ci gaba ko jami'in da ya fita daga hurumin aikinsa, amma kada ka jingina da ita. Hukumomi da yawa kuma sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a shigar da ƙara, galibi wata guda, kuma wata ukun na tafiya kana jira. Alkawarin "za mu duba" ba ya tsayar da agogo.

Ƙarar take haƙƙi a ƙarƙashin ƙa'idojin 2009 ba ta da wa'adi. Ta sakaci tsakanin mutum da mutum da shekaru ake lissafa ta a dokar jiha.

Nawa za a ba ni?

Babbar Kotu ba ta da jadawali irin na diyyar fiƙihu. Abin da ka kashe ko ka rasa, kuɗin magani da hoton ƙashi da mota da cinikin da ya tsaya, sai ka jera shi ɗaya bayan ɗaya ka kawo shaida, abin da ba shaida an bar shi. Mai ɗori ba ya ba da rasit, to a rubuta abin da aka ba shi a gaban mutum biyu. Ɗan kasuwar Wunti ko Muda Lawal da ba shi da takardar albashi ya kawo littafin ciniki ko na adashi. Raɗaɗi da nakasa da abin da mutum ba zai ƙara iya yi ba kuwa alƙali ke ƙiyastawa, yana duba shekarunka da sana'arka. Yatsan tela da na mai gadi ba kuɗinsu ɗaya ba. Bidiyon waya yana karɓuwa idan an cika sharuɗɗan sashe na 84 na dokar shaida ta 2011, don haka kada a sayar da wayar da ta ɗauka.

Ba ni da kuɗin lauya.

Hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa tana da ofis a Bauchi, kuma dokarta ta 2011 ta haɗa da ƙarar hatsari da ta take haƙƙi ga masu ƙaramin ƙarfi. Kai kuka Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam kyauta ne. Mata da yara suna da ƙungiyar lauyoyi mata, FIDA. Wasu lauyoyin kuma kan yarda sai an ci a ba su kaso. Ya halatta, amma a rubuta kason tun farko.

Na ci shari'a shekara biyu ke nan, ko sisi.

In mutum ne ko kamfani, lauyanka ya nemi kotu ta umarci bankinsa ya biya ka daga asusunsa, ko a kama kadara a yi gwanjo. In hukuma ce, ga sashe na 84 na dokar zartar da hukunci, wanda ya ce kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba a taɓa shi sai da yardar Antoni Janar. Wato ka kayar da gwamnati, sannan ka je wurin lauyan gwamnati neman izinin karɓa. A ganina wannan sashe ya daɗe da cancantar a soke shi, amma yana nan, shi ya sa nake nanata a haɗa duk wanda doka ta yarda a haɗa tun ranar farko.

Sun turo dattawa a yi sulhu. In karɓa?

Sau da yawa ni ma shi nake ba da shawara, ko a Zauren Sulhu ko gaban hakimi ko tsakanin lauyoyi. Kuɗin da ya zo yau ana jinya ya fi na shekara biyar amfani. Amma kada a zauna sai likita ya faɗi inda raunin zai tsaya, domin ƙafar da aka ce za ta warke wata uku tana iya zama gurguntaka, kuma wanda ya sa hannu cewa ya karɓi cikakken haƙƙinsa ba ya dawowa. Mai mota ko kamfani ya zauna a wurin da kansa, ba direba kaɗai ba. A rubuta adadi da ranar biya, da wanda zai ɗauki nauyi in an sake tiyata, da abin da zai faru in an saɓa. Kuɗin da aka kawo ranar dubiya a rubuta shi a matsayin na magani, kada daga baya a ce shi ne diyyar. In ƙara tana kotu, a kai takardar alƙali ya mayar da ita hukunci. In kuma akwai rabon marayu, a ware shi da sunayensu a gaban alƙali kafin kowa ya tashi.